Ƙuda ne ko ƙwaro? Wani ɗan abu mai ƙyalli a bakin fangalin shinkafa

Ɗan Hwadama (Augie):

Salamu alaikum jama'ar wanga zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah malaman gona da masu ilimin ƙwari ku taimaka man da bayani don abin ya tsaya man a rai. Ina noman rani nan hwadamar Augie, Faro 44 na dasa kuma Alhamdulillahi ta kama har ta fara 'ya'ya. To akwai wani ɗan ƙwaro da nike gani da sahe cikin ciyawar bakin hanyar ruwa, inda ruwan inji ke bi kahin shi shiga fangali, wurin dai kullum da laima ga ruɓaɓɓen haki da munka nome munka tara. Ƙarami ne sosai, bai kai ƙwarar shinkafa tsawo ba, bayanshi a dunƙule sumul yana ƙyalli, baƙi-baƙi ne amma in rana ta haska shi sai ka ga shuɗi na fita. Duk wanda ya gan shi daga nesa cewa zai yi ɗan buzuzu ne.

Abin da ya ɗaure man kai kanshi ne. Na ɗauke shi hoto da waya na jawo hoton kusa, wlh kan ƙuda ne sak, manyan idanu sun cika kan, har yana murza ƙafafunshi na gaba yadda ƙuda ke yi. Da na kai hannu kuma ba tsalle ya yi ba, tashi ya yi fir, alhali ni ban ga fiffike jikinshi ba lokacin da yake zaune, to daga ina fiffiken ya hito?

Maƙwabcina na gona ya ce kar in tsaya wani bincike in sayo magani in yi feshi tun bai yi yawa ba, ni kuma kun san yadda magani ya yi tsada yanzu ga kuɗin mai ga taki, ba ni son in zuba kuɗi banza, kuma ba ni son in yi sake shinkafa ta lalace. Mine ne wanga abu, wane dangi yake cikin ƙwari, kuma yana cin shinkafa ko ba ya ci? Allah shi saka da alheri.

Baban Halima (Jega):

Wa alaikumus salam ɗana, Allah shi ba da amfani mai albarka. Ni dai tun tasowata nike lambu, kuma wanga da kake faɗi ya yi man kama da ƙwaron da ke cin guro da yakuwa. Iri biyu ne, akwai mai ruwan ƙasa akwai mai shuɗi-baƙi mai ƙyalli, ƙanana ne dunƙulallu, in sunka sauka ga guro ƙarami sai su huda ganyen duk ya zama ɓula-ɓula, tsiron ya tsumbure ya ƙi tashi. Wanda bai tare su da wuri ba ya san abin da ya gani. In akwai guro ko yakuwa kusa da kai to daga can sunka taso. Shawarata ka duba ganyen da yake zama bisa, in ka ga huji to kar ka jira, maƙwabcinka ya faɗa maka gaskiya. Sai dai zancen tashi da ka ce, nawa dai tsalle suke yi, kana kai hannu sai ka ji tsit sun ɓace. Masu karatun abin su zo su ƙara mana haske.

Malamar Bayoloji (Birnin Kabi):

Baba Allah shi ƙara girma, wanda kunka kwatanta gaskiya ne akwai shi kuma ɓarnarshi ba kaɗan ba ce, a littafi Podagrica ake ce ma jinsinsu, cinyoyinsu na baya masu kauri ne shi ya sa suke tsalle haka. Amma maganarku ta ƙarshe ita ce ta raba gardama, naku tsalle yake yi yana huda ganye, na ɗan'uwanmu tashi yake yi kuma kan ƙuda gare shi. Ba abu ɗaya ba ne.

Ƙanena, in dai yadda ka kwatanta haka yake to ina da ƙarfin gwiwa ƙuda ne ka gani, daga wani dangi da ake kira Celyphidae, kuma ina taya ka murna don mutane da yawa sun karanci ƙwari har jami'a ba su taɓa ganinshi da rai ba. Bari in bi da kai a hankali.

Masu rarraba halittu sun sa buzuzu da hangara da ƙwaron guro na Baba cikin babban rukuni ɗaya, Coleoptera, wanda aka san nau'i wajen 400,000 a cikinshi. Ƙudan gida da sauro da tsando kuma suna cikin wani rukunin daban, Diptera, nau'in da aka sani sun haura 150,000. Abin da ya raba su fukafukai ne. Su dangin buzuzu fukafukai huɗu gare su, biyun gaba sun taurare sun zama murfi, biyun baya masu laushi suna naɗe a ƙasa, to da yake murfin nan fukafukai ne guda biyu dole ka ga layi ya tsaga tsakiyar bayan daga sama har ƙasa inda sunka haɗu. Ƙuda kuwa fukafukai biyu kawai gare shi, na bayan sun ƙanƙance sun zama wasu 'yan tsinke masu ɗan kai a ƙarshe waɗanda ke taimaka mashi ya daidaita kanshi in yana tashi.

To shi wannan naka me ya rufe mashi baya? Kowane ƙuda, har na gida, in ka duba bayanshi daidai tsakanin gindin fukafukai akwai wani ɗan tudu ƙarami, mu dai bari mu ce mashi garkuwar baya. A wajen sauran ƙudaje ba a ko lura da ita. A wajen Celyphidae ita ce ta girma ta kumbura ta miƙe baya har ta rufe ciki gaba ɗaya kamar an kife ƙoƙo, fukafukan nan biyu kuma in ya sauka sai ya shigar da su ƙarƙashinta, shi ya sa ba ka gan su ba sai da ya tashi. Kuma da yake garkuwar abu ɗaya ce ba biyu ba, babu layi a tsakiyarta, sumul take. Wannan ita ce alama mafi sauƙi, ko da waya kana iya dubawa. Sai ƙahonnin kai, na ƙwaron guro dogaye ne sirara masu gaɓa-gaɓa, na wannan gajeru ne masu gaɓa uku da ɗan gashi ɗaya a jiki, a yawancinsu gindin gashin yana da faɗi. Sai baki, ƙwaro yana da muƙamuƙan tauna, wannan kuwa bakin lasa gare shi irin na ƙuda, ba shi da abin da zai huda ganye da shi ko ya kankare shi.

Akwai dai wasu da ke iya ruɗa mutum, dangin Scutelleridae, su ma garkuwar bayansu ta rufe jiki babu layi kuma wasunsu na ƙyalli sosai, amma su sun fi girma, ba su da kan ƙuda, kuma suna da dogon baki kamar allura kwance a ƙarƙashin ƙirji wanda suke tsotson ruwan tsiro da shi. Na san na ce alamar layi ce mafi sauƙi, amma kar a tsaya a kanta ita kaɗai, a haɗa da kai da baki.

Zancen dangi da ka tambaya. Celyphidae ƙaramin dangi ne, nau'in da aka sani duka-duka ɗari da 'yan kai ne, kusan dukkansu a ƙasashe masu zafi na Asiya da Afirka, Asiya ta fi yawa nesa ba kusa ba, daga Indiya zuwa kudancin Sin zuwa Malesiya da Indunusiya da Filifin. Jinsin farko da aka raɗa ma suna shi ne Celyphus, wani masani ɗan Suwidin mai suna Dalman ya sa mashi suna a 1818 tare da nau'in Celyphus obtectus, wanda har yau shi ne ma'aunin jinsin. Su Celyphus garkuwarsu ta fi dunƙulewa, faɗinta ya kusa kai tsawonta. Daga baya Bigot ɗan Faransa ya kawo Paracelyphus a 1859, cikinsu akwai Paracelyphus hyacinthus mai shuɗi mai ƙyalli, sai Hendel ɗan Ostiriya ya kawo Spaniocelyphus a 1914, su garkuwarsu ta fi tsawo da sirantaka, sai Malloch ya ƙara Acelyphus da Idiocelyphus a 1929. Namu na Afirka yanzu cikin Spaniocelyphus ake lissafa su, don haka naka can ya fi kusa.

'Yan'uwansu na kusa su ne dangin Lauxaniidae, har wasu masana a baya sun ɗauke su a matsayin reshe ne kawai na wancan dangin. Dukkansu kuma halinsu ɗaya wajen abinci, tsutsarsu ruɓaɓɓen ganye da ciyawa take ci, manyan kuma wurin laima suke so, bakin rafi da ciyawa mai danshi. Ka ga hakin nan da kunka nome kunka tara bakin hanyar ruwa shi ya jawo su. Ba shinkafarka suka zo ci ba, ba su cizon mutum, ba su cizon dabba.

Malamin Gona (Suru):

Malama Allah shi saka, wlh na ƙaru, ni kaina da nike yawon gonaki ban san sunan danginshi ba. Ina son in ɗora ta ɓangaren aikinmu don maganar feshi ita ta fi damuna.

Ɗan Hwadama ɗan'uwa, kar ka sayi magani don wanga. Abin da nike gani ga manomanmu daga Suru har Bunza shi ne duk abin da ya motsa cikin gona sunanshi ƙwari, sai a ɗauko famfo, alhali masu ɓarnar shinkafa sanannu ne kuma kowane da alamar da yake bari ga tsiro. Tsiron za ka duba tukuna kahin ƙwaron.

In ƙuda kake nema mai ɓarna ga shinkafa to ga Diopsis nan, kuma na tabbata ka san shi ko ba ka san sunan ba, shi ne mai idanu bisa dogayen tsinke biyu hagu da dama, cikinshi ja-ja, yana taruwa wurin inuwa da laima shi ma. Uwar ba ta cin shinkafa, ƙwai take yi bisa ganye, tsutsar ta gangara ta shiga cikin kara ta cinye zuciyar, sai ka ga ganyen tsakiya ya yi ɗorawa ya bushe, in ka ja shi ya zaro cikin sauƙi gindinshi a ruɓe. Ko shi ma in shinkafa na ƙarama kuma ta samu taki da ruwa tana maida wasu 'ya'yan, ba kowane bushewar zuciya ke kai ga feshi ba.

Na biyu kuma wanda ni ya fi ba ni tsoro a hwadama shi ne Orseolia oryzivora, ɗan ƙaramin ƙuda ne mai kama da sauro, da dare yake yawo shi ya sa manomi bai cika ganinshi ba. Tsutsarshi in ta shiga inda tsiron ke girma sai wurin ya zama dogon bututu fari-fari maimakon ganye, kuma duk ɗan da ya yi bututun nan ba ya fidda kai har abada. Ya fi tsanani ga shinkafar damina wadda aka dasa a makare, kuma da rani yana fakewa cikin shinkafar daji da ke fita bakin tafki. Abin da mutane ba su sani ba akwai wasu ƙananan zanzaro, Platygaster da Aprostocetus, da ke yin ƙwai jikin wanga maƙiyi su kashe shi kyauta ba ka biya ko sisi ba. Ranar da ka yi feshi babu dalili su ne farkon mutuwa don suna waje, shi kuwa mai ɓarnar yana ɓoye cikin kara magani bai kai gare shi ba. Ga gizo-gizo ga mazari duk masu cin ƙwari ne, ga kihi da kwaɗi cikin ruwan da ke komawa gulbi, ga kai kanka mai feshin da yawancinmu ko takunkumi ba mu sawa.

Inda Baba ke da gaskiya, kuma ina son a riƙe wannan, akwai 'yan'uwan ƙwaron guro da ke taɓa shinkafa, Chaetocnema masu tsalle da Trichispa mai kankare ganye ya bar farin layi-layi. Cin da suke yi ba shi ne babbar matsala ba, cutar da suke ɗauka daga tsiro zuwa tsiro ita ce, wadda ke sa ganyen shinkafa ya yi ɗorawa-ɗorawa da dabbare-dabbare tsiron ya tsumbure, an fara gano ta a Kenya a 1966 yanzu kuma ta game Afirka ta Yamma. To ka ga amfanin abin da Malama ta koya mana, ƙanana biyu masu ƙyalli cikin ciyawa ɗaya, mai layi a baya mai tsalle a sa mashi ido, mai sumul mai kan ƙuda a ƙyale shi ya ci ruɓaɓɓen hakinshi.

Ɗan Hwadama (Augie):

Na gode ƙwarai Baba, Malama, Malam, Allah shi biya ku. Na koma na duba hoton da kyau babu layi ko kaɗan, ƙahonnin gajeru ne, ganyen ciyawar da suke zama kuma lafiya lau babu huji. Mai ido bisa tsinke kam na san shi, yana nan jefi-jefi, zan riƙa duba zuciyar shinkafar. Malama ko akwai yadda za a yi a san takamaiman nau'in nawa?

Ɗalibin Mafara (Zamfara):

Slm. Malama dan Allah ni ma ina da tambaya tunda an taɓo inda ke man ƙaiƙayi. Ina aji huɗu ina furojet kan ƙudajen da ake samu a gonakin ban-ruwa na Bakalori, kuma na kama irin wanga da ragar kamu cikin ciyawar bakin kanal. Littafin da ke laburarenmu tsoho ne, da na bi mabuɗin da ke ciki, wato jerin alamomin da ake bi a gane jinsi, ya kai ni ga Chamaecelyphus, har ya ce shi ne jinsin Afirka, ke kuma kin ce Spaniocelyphus. Wane zan rubuta kar sufabaiza ya ja man jan biro? Sannan gaskiya abin na ba ni haushi, kowane lokaci sai an canza suna, mi ya hana a bar abu yadda aka san shi? Kuma ina ganin wani lokaci sunan masani na cikin baka wani lokaci babu, shin ado ne ko da ma'ana?

Malamar Bayoloji (Birnin Kabi):

Ɗalibi barka da ƙoƙari, littafinka bai yi ƙarya ba, zamaninshi ne ya wuce. Frey ɗan Finlan shi ya ware na Afirka ya ba su jinsi nasu, Chamaecelyphus, a 1941, kuma haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru. A 2017 wani masanin ƙudaje, Stephen Gaimari, da ke aiki da ma'aikatar noma ta jihar Kalifoniya a Amurka ya sake duba jinsunan dangin kaf, ya ga alamomin da aka raba na Afirka da Spaniocelyphus na Asiya da su ba su isa a ce jinsi biyu ba ne, sai ya haɗe su. Ƙa'idar raɗin sunan dabbobi kuma ita ce wanda ya riga shi ke tsayawa, 1914 ta riga 1941, don haka Spaniocelyphus ya zauna, nau'in Afirka wajen goma suka koma ƙarƙashinshi, misali wanda wani masani Walker ya fara kira africanus yanzu Spaniocelyphus africanus ne. A aikin nan dai ya ɗaga Paracelyphus da Hemiglobus, waɗanda ake lissafawa rassan Celyphus, ya mai da kowane jinsi mai zaman kanshi. An buga shi a mujallar ZooKeys kuma kyauta ake saukewa, akwai mabuɗin jinsunan duniya a ciki, ka sauke ka kai ma sufabaizanka kwafi. A furojet ka rubuta Spaniocelyphus, sau ɗaya a farko ka ambaci cewa a tsofaffin littattafai Chamaecelyphus ne, shi ke nan.

Haushin canjin suna na fahimce ka don ni ma ɗalibaina suna kawo man wannan kukan, amma ban yarda a bar shi yadda yake ba. Sunan jinsi da'awa ce, kana cewa waɗannan nau'o'in sun fi kusa da juna a kan sauran. Waɗanda suka fara raɗa sunayen nan yawancinsu ba su taɓa taka Afirka ko Asiya ba, busassun ƙwari ɗaya ko biyu ake aiko masu a akwati su duba da madubin zamaninsu su rubuta layi kaɗan da Latin. In wani ya zo daga baya ya jera samfura masu yawa gefe da gefe ya ga da'awar ba ta tsaya ba, to barin tsohon suna yana nufin mu ci gaba da koya ma yara abin da muka san ba haka yake ba. Kuma haɗewar nan ta gaya mana wani abu, cewa ƙudan da ke bakin kanal ɗin Bakalori da wanda ke gonakin shinkafar Tailan jinsi ɗaya ne.

Baka kuma ba ado ba ce. In ka ga Celyphus obtectus Dalman, 1818 babu baka, ma'ana nau'in yana nan cikin jinsin da mai raɗin ya sa shi tun farko. In sunan masani da shekara suna cikin baka to an ɗauke nau'in an kai shi wani jinsi. Misalin da na fi so a dangin nan shi ne Atopocelyphus ruficollis (Macquart, 1844). Macquart ɗan Faransa ne, ya kwatanta wani ƙuda da aka ce daga Giyana ta Faransa ya fito, can Kudancin Amurka, ya kira shi Celyphus ruficollis. To duk sauran dangin a Asiya da Afirka suke, kuma ba a sake samun wani ba, sai aka daɗe ana shakkar anya daga can ya fito. Sai da aka samu samfuri na biyu sannan Gaimari ya tabbatar a aikin nan na 2017 cewa lallai dangin na nan a nahiyar Amurka, kuma ƙudan ya bambanta da na wannan ɓangaren duniya har ya cancanci jinsi nashi, shekara 173 tsakani. Sunan nau'in bai canza ba, sunan Macquart bai ɓace ba, baka kawai ya shiga. Wajen rubutu kuma ka kiyaye, sunan jinsi da babban baƙi yake farawa, na nau'i da ƙarami, duka biyun a karkace in a kwamfuta ne, in da hannu ne ka ja masu layi.

Ƙanena na Augie, tambayarka da tashi amsarsu ɗaya. Hoto yana kai mu ga dangi, in ya fito da kyau har jinsi, amma nau'i ba ya tabbata da hoto don launin ƙyallin nan yana canzawa da haske kuma nau'o'in sun yi kama da juna sosai, masana sai sun duba al'aurar namiji a madubin likita suke rabewa, haka wata masaniya mai suna Tenorio ta yi da ta sake tsara na Asiya a 1972. Don haka ɗalibi kar ka yi gaggawar liƙa africanus don kawai a Afirka ka kama shi, ka rubuta Spaniocelyphus sp., ma'ana an san jinsi ba a tantance nau'i ba, har sai wanda ya san su ya duba maka, babu malamin kirki da zai rage maka maki a kan haka.

Yadda za ku adana shi, ku sami 'yar kwalba mai murfi mai kyau irin ta allura, ku zuba sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, kemis suna sayarwa, ku sa guda biyar ko fi don a samu maza a ciki. Ku yanki 'yar takarda ku rubuta da fensir, ban da biro don sifirit na wanke tawada, sunan gari da ƙaramar hukuma da jiha, kwanan wata, irin wurin da aka kama shi, da sunan wanda ya kama, ku jefa takardar cikin kwalbar tare da ƙudajen, kar a manna ta a waje. Samfurin da ba shi da wannan takarda ko ya kai hannun babban masani amfaninshi kaɗan ne. Akwai ɗakin ajiyar ƙwari a sashen kare amfanin gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru inda ake kwatanta samfura, ɗalibi sufabaizanka na iya rubuta maka takardar zuwa can, kai kuma Ɗan Hwadama ka ba malamin gonan yankinku ya san hanyar da zai bi da ita. Hotunan kuma ku ɗora su a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hotunan halittu don a gane su, da wurin da kwanan wata, a ɗauka daga sama da gefe da kuma gaba inda kai ya fito sosai, masu duba ƙudaje na shiga can suna gyara suna.